Chuwang da Samarin Namibiya

Duk wanda ya zauna Takoma Park, gefen Washington, ya san Chuwang, mutumin Bukuru mai gadin wurin ajiye motoci, wanda muke kira Dokta Saura-Ƙiris. Da baƙin gashi ya zo karatu, furfura ta cim masa bai gama ba. A 1989 jami'a ta ce shekarar nan ce ta ƙarshe, ko ya miƙa bincikensa ko ya haƙura.

Binciken a kan samari da 'yan matan Namibiya ne masu gudun hijira a Washington. Ƙasarsu na dab da samun 'yanci, to me suke burin zama? Aikinsa ya kunna rikoda, ya yi tambaya, ya kama bakinsa. Kama bakin ne ya gagara.

Gida yake kawo su, matarsa Kaneng ta dawo daga aikin asibiti ta tuƙa tuwo. Na taɓa zama ana hirar. Wata budurwa ta ce injiniyar ruwa za ta zama, ta ja famfo har ƙauyensu.

"Famfo!" in ji Chuwang. "'Yata, ranar da aka sauke tutar Bature har takalmina ya tsinke don rawa. Ajinmu kowa cewa yake minista zai zama. Wanda ya rantse zai ja mana famfo yanzu gidajensa na Landan, uwarsa na ɗiban ruwa a kududdufin kuza."

Kaneng ta leƙo daga kicin. "Baban Martha, ita aka tambaya ko kai?"

"Ni ba babba ba ne? In ga yara za su faɗa rami in yi shiru?"

Na ce, "Dokta, bar rikodar ta sha iska mana, har ta fara gumi."

Bai ji ba. Budurwar ta sunkuyar da kai har kaset ya ƙare. Wasu suka daina zuwa. Masu zuwa don tuwo suka koyi cewa, "Haka ne, Baba."

Malamar da ke duba aikinsa ta saurari kasa-kasan kaf. Ta ce ta san Najeriya yanzu kamar can aka haife ta, amma ina 'yan Namibiyar? Jami'a ta sallame shi.

Na je masa jaje a wurin aiki, na same shi cikin akurkinsa na gadi yana yagar tikiti.

"Ba komai," in ji shi. "Yaran Namibiyar ma za su gani."

Sannan ya ce in matsar da motata, na tare wa mutane hanya.