Gaisuwar Baba a tsakiyar kogi

Muna tsakiyar kogin Kaduna a kwale-kwale, za mu Kudenda, kawai Babana ya miƙe tsaye. Jirgin ya karkata, mata suka hau salati.

"Baba, zauna, za ka kifar da mu!" in ji matuƙin.

Baba ya nuna wani tsoho a kwale-kwalen da ke tahowa. "Bitrus ne fa! Rabona da shi tun da aka rufe masaƙarmu. In gaishe shi a zaune?"

Na janyo rigarsa ina faɗa. Matuƙin kuwa, yana gunaguni, ya matsa ya haɗa jiragen biyu. Tsofaffin suka riƙe hannu suka ƙi saki. Duk saurinmu, haka muka zauna muna jiran su.

Ku fa, wa za ku hango ku manta kuna kan ruwa?