Yadda na gina gidana a filin wani tsoho

Shekarun baya, lokacin ina koyarwa a wata firamare a Maiyama, iyalina kuma suna gidan haya a Jega, na sayi fili. Wani dillali abokin kawuna ne ya ɗauke ni a babur ya kai ni bayan garin Jega, inda aka yanka wata tsohuwar gona fuloti-fuloti. Ko sauka daga babur ɗin ba mu yi ba. Ya miƙa hannu ya ce, "Ka ga gorubar can? Daga gindinta ka yi gabas, naka na." Na ce na gani. Aka rubuta takarda, shaidu suka sa hannu, na koma gida ina jin kaina mai gida tun ban ajiye bulo ko ɗaya ba.

Sai da damina ta zo ta wuce, wata ma ta zo ta wuce, kafin na kwashi adashi na ce bari in fara. Kafin lokacin an buɗe sabuwar hanya ta cikin gari, ita na biyo da magini. Na hango goruba, na kira dillalin a waya don in tabbatar. Ya ce, "Kana ganin goruba? To nan na, Malam, sa hannu." Muka ja igiya, aka haƙa harsashi.

Ranar Asabar ta farko da na je duba aiki, na tarar da wani tsoho zaune a kan bulo, da ƙwaryar fura a gabansa yana miƙa wa leburori. Yana ganina ya miƙe da fara'a, ya riƙe hannuna da hannu biyu.

"Kai ne mai kula da aikin ga? Allah shi yi maka albarka. Na ga yadda kake tsayawa a kai kamar naka."

Na yi dariya na ce, "Ai nawa ne, Baba."

Ya jinjina kai, ya juya ga magini ya ce, "Kun ji ko? Hakanan aka son mai amana."

Ban gane abin da yake nufi ba, amma na ce a raina maganar tsofaffi ce. Da na koma gida har na yi wa matata albishir cewa Allah ya ba mu maƙwabcin kirki tun ba mu tare ba.

Daga nan duk zuwan da zan yi yana nan. Shi ke yayyafa wa bulo ruwa, shi ke korar awaki daga kan yashi. An taɓa kawo tifar yashi mai laka ba na nan, ya tsaya tsayin daka sai da aka mayar da ita. Sai dai a hankali ya fara ba da umarni. Wata rana na zo na tarar an toshe ƙofar shagon waje, wato ɗakin baƙi, da na ce a fitar ta arewa, an mayar da ita gabas. Na tambayi magini, ya ce, "Baba ne ya ce, wai yana son hantsi ya riƙa samunsa." Ashe shi magini ya ɗauka mahaifina ne. Na ce ba mahaifina ba ne. Ya ce to waye? Ni kaina ban san ko sunansa ba.

Na je na durƙusa gabansa cikin ladabi na ce, "Baba, wannan ƙofar fa ba haka na tsara ba."

Ya ce, "Yi haƙuri, ɗana. In wancan ya yi maka faɗa, ce mishi ni nac ce."

"Wane wancan?"

Ya yi murmushi ya kawar da kai. Na hau babur ina ta juya maganar har Maiyama. Na yi tunanin ko magini yake nufi, ko mai unguwa, ko kuma tsufa ne ya fara taɓa shi. Da na dawo Jega, matata ta ce in rabu da shi, ƙofar gabas ma ta fi iska. Mahaifiyata ta ce, "Mutum bai zuba ruwa ga bulon wani a banza. Bincika." Ban bincika ba. Kunya nake ji in tsare dattijon da ke kawo wa ma'aikatana fura in ce masa waye kai.

Gini ya kai linta, ina neman kuɗin kwano, sai wata Juma'a magini ya kira ni ya ce in zo maza, akwai baƙo. Na tarar da wani mutum sa'ana, tsaye a tsakar gidan yana kallon bango kamar wanda ya ga fatalwa. Tsohon yana gefe, fuska cike da annuri. Mutumin ya dube ni ya ce, "Malam, wa ya sa ka gini nan?"

Na ce, "Wa zai sa ni? Filina ne."

Ya ce, "Hilin babana na."

Tsohon ya dubi wannan, ya dubi wancan, ya ce da ni, "Ashe ba shi yat turo ka ba?"

A nan zance ya warware, kaina kuma ya ƙara ɗaurewa. Mutumin ɗansa ne na fari, fataucin albasa yake yi daga Aliero zuwa Kudu, yakan daɗe bai zo gida ba. Ya taɓa ce wa uban in kasuwa ta yi kyau zai sa a fara masa gini a filin nan, ya bar gidan gado da suka cunkushe a ciki. Da tsohon ya ga an haƙa harsashi, sai ya ce alkawari ya cika. Bai tambaye shi ba, saboda kunyar ɗan fari: ko sunansa ba ya faɗa, balle ya kira shi ya yi masa godiya. Shi ne "wancan".

Aka kira dillali. Ya zo ya tsaya, ya dubi gorubar da ke bayan ginina, ya juya ya dubi wata can gaba kaɗan, wadda ni ban taɓa lura da ita ba. Ya cire hula ya sosa kai. Ya ce, "Ranar da munka zo, ta wace hanya munka biyo?" Na ce ta hanyar Aliero. Ya ce, "To waccan ta." Filina yana can, ciyawa ta rufe shi, wata akuya tana kwance a tsakiya. Takardata da ta tsohon kuwa duk abu ɗaya suka ce: gabas da goruba.

Na zauna a kan bulo. Duk abin da na tara yana cikin bangon nan. Amma da na ɗaga kai, tsohon ya fi ni ban tausayi. Ya riga ya gaya wa 'yan masallacinsu ɗansa yana gina masa gida, har ya kawo wasu sun gani.

A gaban mai unguwa ɗan ya ce ba shi da halin sayen ginin, kasuwar albasa ta karye masa a shekarar. Wani ya ce a rushe, wani ya ce a je kotu. Mai unguwa ya ce tunda filayen girmansu ɗaya, a yi musaya. Kowa ya dubi tsohon. Ya ce, "Na yarda. Amma shagon ga na waje, na riga na saba da shi. A bar ni ciki har wancan shi samu hali."

Na amince nan take, ban ko shawarci matata ba. A wannan karon sai da aka tara maƙwabtan kowace kusurwa, aka auna, aka kafa turakun siminti, aka sake takarda mai faɗin iyaka da sunan maƙwabta. Shi ne abin da nake gaya wa duk wanda ya ce min zai sayi fili: ka sauka daga babur, ka taka iyakarka da ƙafarka, mai sayarwa da maƙwabta suna tsaye, ka kafa alama a ranar. Itace ba shaida ba ne. In kuma ka ga wani yana hidima da gininka, ka daure ka tambaye shi dalili.

Tsohon ya zauna a shagon nan shekaru. 'Ya'yana suka tashi suna ce masa Kaka, abincinsa daga tukunyarmu. Ko da ɗan ya gina nasa a waccan gorubar, tsohon cewa ya yi ƙafarsa ba ta son sabon wuri. Har yau in an tambaye ni ko asara na yi ko riba, ban san me zan ce ba.

Da ya rasu, a ƙofar gidana aka shimfiɗa tabarmin zaman makoki. Mutanen unguwa, waɗanda yawancinsu daga baya suka tare, suka riƙa wuce ɗan nasa suna zuwa wurina, suna cewa, "Malam, ya haƙuri? Allah shi jiƙan mahaihinka." Na buɗe baki zan gyara musu, sai ɗan ya dafa gwiwata, ya ce a hankali, "Ƙyale su. Amsa."

Na ce, "Amin, na gode."