Bakwai Saura Minti Goma a Layin Kifi

A shagon soyayyen kifi na unguwarmu a garin Hull na Ingila, wani ƙato ne a gabana a layi, wuyansa duk zane, sai zufa yake. An ɗaura masa na'urar kotu mai nuna inda yake a idon sawu. Alƙali ya bar shi waje, amma in bakwai ta yi ba ya gida, sai kurkuku. Ina jin gidan wani ya fasa ya yi sata.

Saura minti goma, ga wata tsohuwa mai suna Doreen ta tare gaba tana ba mai shago labarin ciwon kyanwarta.

Na ce, "Ɗan'uwa, roƙe ta mana ka wuce."

Ya harare ni. "In tsallake layi? Ni ɓarawo ne, ba mara tarbiyya ba."

Sai ma ya tambayi tsohuwar sunan kyanwar.