Askar Manzo ta Bakwai

Ka taɓa tsayawa ka ga yadda wanzami ke ƙirga askarsa kafin ya rufe zabira? In ba ka taɓa ba, ga labarin Manzo, haifaffen Barmou, wanda ya yi shekara goma sha ɗaya yana shiga gidan kaso a Tahoua kowace Alhamis. Aska bakwai yake shiga da su, bakwai yake fitowa da su. Sau biyu yake ƙirgawa: a gindin itacen bedin da ke tsakar gidan, sannan a ƙofa, gaban gardi mai tsaro. Manzo bai yarda da kowa ba. Ko murmushi ka yi masa, sai ya tambayi kansa abin da kake nema.

A shekarar 1994 kai talatin da huɗu yake askewa a wuni, ashirin da uku daga ciki ba su taɓa ganin alƙali ba. Yajin aiki yau, yajin aiki gobe, dosiyen mutum, wato takardun shari'arsa, na kwance, shi ma yana kwance.

Cikinsu akwai Almustafa, Buzu makiyayi daga arewacin Takanamat, da aka kamo bisa zargin raƙuma uku da suka ɓata. Tun a ƙofa aka karɓe rawaninsa, kamu goma sha biyu, domin doka ta hana dogon ƙyalle shiga, kada wani ya cutar da kansa. Ba wanda ya tuna cewa dattijon Buzu, buɗe bakinsa gaban jama'a daidai yake da tsiraici. Ba ya iya cin abinci ana kallonsa, ga shi su goma sha tara ne a ɗaki.

Manzo ya yi ta ƙirga. A watan fari gaisuwar Almustafa kan kai kalma goma. A wata na takwas ta koma ɗaya: "Lahiya." Sai wata Alhamis, a wata na goma sha ɗaya, ga mutumin ya zo da fara'a. Ya ba wani takalmansa. Ya miƙa wa Manzo finjalin shayinsa, ya ce ya riƙe, kyauta. Manzo ya karɓa, amma ransa bai kwanta ba. Me ya canza? Ba a kira shi kotu ba, ba wanda ya zo ganinsa.

Da la'asar Manzo ya zauna gindin bedi ya ƙirga askarsa. Shida. Ya zazzage zabira, ya sake. Shida.

Zarginsa ya fara sauka kan Sidi gardi, mai yawan tsokana, wanda ya daɗe yana cewa wata rana sai ya ga Manzo ya ɓata lissafi. Daga nan ya koma kan wani ɓarawon kasuwa da ya aske na goma sha biyu. Sai hannunsa ya taɓa finjalin a aljihu. Wanda ke da niyyar shan shayi gobe ba ya bayar da finjalinsa.

In ya gaya wa Sidi yanzu, za a birkice ɗakuna, a kulle Almustafa shi kaɗai, shi kuma Manzo ya yi sallama da aikin. In ya yi shiru, ƙila ba za a kai wata Alhamis ba.

"Sidi, buɗe mini. Ban gyara ma Buzun can ƙeya ba."

"Kai tsoho, wa za ya ga ƙeyatai? Biki za shi?"

"Ni za ni gani. Buɗe."

Ya zaunar da Almustafa gefen katanga, ya durƙusa a bayansa kamar yadda wanzami ke yi. Haka ya fi, ba mai kallon bakin wani. Ya jiƙa masa ƙeya, ya yi ƙasa da murya.

"Malam Almustahwa, askata na wurinka. Ba hwaɗa na zo ba. Tambaya guda: kana tunanin kashe kanka?"

Manzo ya ƙirga numfashi tara kafin amsa ta zo.

"Manzo, wata goma sha ɗaya bakina buɗe kamar na jariri. Gida ba su san ko ina da rai ba. Mi ya rage?"

Ya daɗe yana magana, Manzo bai katse shi ba. Da ya gama, ya zaro askar daga lalitar wandonsa ya ajiye a ƙasa.

Manzo ya ɗauki ƙyallen da yake yafa wa mutane a kafaɗa, ya yanko kamu ɗaya, ya kai wa Sidi. A nan ne ya gaya masa gaskiya duka, da aska bakwai a hannunsa. Sidi ya daina dariya. Ya auna ƙyallen da hannu har sau uku, yana harararsa.

"Wanga ko akuya ba ya ɗaurewa."

"Amma shina ruhe baki."

Aka bar wa Almustafa ƙyallen. Manzo ya roƙi wani dattijon ɗakin, Malam Yunusu, ya riƙa zama kusa da Almustafa safe da yamma. Ya kuma ba direban motar Takanamat saƙo zuwa ga dangin Almustafa. Ran nan Almustafa ya ci abinci, loma goma sha huɗu, yana kai hannu ta ƙarƙashin ƙyalle. Bayan kwana goma sha tara yayarsa Ummul Kulsum ta iso da cuku da ganyen shayi, da Alhamis ta zagayo Manzo ya mayar masa da finjalinsa. Shari'ar ba ta zo ba sai bayan wata shida, amma da ƙafarsa ya je ta.

To, kai mai karatu, akwai wanda maganarsa ta ragu a kusa da kai? Ƙirga kalmominsa na makon nan. In sun yi kaɗan, zauna gefensa, ka tambaye shi kai tsaye, ka jira amsa ko da numfashi tara ne. Don Allah gwada yau.