Gahawar da Ummu Fawwaz Ta Ƙi Sha

Katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da na Ummu Fawwaz a Jabal Husaini, cikin Amman. Tun ina yarinya na san ta zaune ƙarƙashin kurangar inabin da marigayi mijinta ya dasa, tana naɗe shinkafa a ganye, tana yi wa duk wanda ya wuce faɗa a kan rashin cin abinci.

Da maƙwabcinta na gabas ya rasu, ɗansa Haisam ya rushe gidan. Doka ta yarda da hawa huɗu a layinmu, shi kuwa ya nemi hukumar birni ta ɗaga masa ƙafa ya yi takwas. In ya yi, rana ta bar tsakar gidan Ummu Fawwaz ke nan, kurangar ta mutu.

Mazan layi suka haɗa jaha, wato ayarin dattawa masu neman alfarma, suka nufi zauren Abu Mish'al, kawun Haisam kuma babban danginsu. Kowa ya san yadda ake yi: a zuba maka gahawa, ka ajiye finjalin a ƙasa, ba ka taɓawa sai mai gida ya biya maka buƙata. Amma Abu Samir mai kantin magani, wanda aka zaɓa ya yi magana, ana miƙa masa gahawar ya karɓa ya kurɓe. Shi ke nan. Aka yi hirar tsadar tumatir, aka watse.

"Gahawa ta ƙare a gidanka ne, Abu Samir?" in ji Ummu Fawwaz ta saman katanga. "Da ka faɗa, ai da na aiko maka."

Ranar Juma'a ta sa baƙar rigarta mai jan ado, ta tara matan layi, ta ce in riƙe mata hannu saboda ciwon gwiwa. Na ce mata ba a saba ganin mata a jaha ba.

"Mazan sun je sun sha, 'yata. Saura mu."

Abu Mish'al ya miƙe da ya gan mu, ya rasa inda zai sa idonsa. Haisam da kansa ya zuba gahawar. Ta karɓa, ta ajiye a kan darduma, ta naɗe hannu.

"Hajiya, sha mana," in ji Haisam. "Wannan ai sha'anin injiniyoyi ne."

"Kai, ni na ɗaure maka hannu da ka faɗo daga kurangar nan garin satar inabi. Yi shiru, da kawunka nake magana."

Ta juya ga dattijon. "Abu Mish'al, ban ce kada ya yi gini ba, mutane na neman wurin zama. Ya yi huɗun da kowa ya yi. Rabona na rana nake roƙo."

Tururin finjalin ya yi ta raguwa, kuma duk wanda ke wurin ya san abin da za a faɗa gobe a gari in gahawar baƙuwa, gwauruwa kuma, ta huce a zauren Abu Mish'al. Haisam ya sunkuya zai raɗa masa wani abu, dattijon ya ɗaga hannu.

"Sha gahawarki, 'yar'uwa. Abin da kika zo nema kin samu. Huɗu."

Ta taɓa finjalin da yatsa. "Ta yi sanyi. Haisam, sake zubo mai zafi."

Ta shanye, ta girgiza finjalin alamar ya isa. A makon Haisam ya janye buƙatarsa daga hukumar birni.

Benen ya tashi, hawa huɗu. Ya cinye mata hantsi, amma daga azahar rana tata ce. Bana kurangar ta yi 'ya'ya, ta kuma aika wa sababbin maƙwabta inabi, kowane hawa kwano guda.