Kufan Iya

Wata Asabar ce cikin dogon hutun makaranta, ina 'yar shekara goma sha ɗaya, na ga kakata Iya ta tuɓe takalmi a bakin wata ƙaramar ƙofar dutse ta rangaɗa sallama, alhali rabon ɗakin da mutum an yi ɗaruruwan shekaru. Kawu Sani da ke aikin asibiti a New Mexico ne ya ɗauko mu daga Bronx, ya kai mu ganin tsohon garin mutanen Pueblo, 'yan asalin wurin tun kafin zuwan Turawa. Turawa suka juyo suna kallonmu. Ni kuwa kamar ƙasa ta tsage in shige.

A Parkchester, unguwarmu a Bronx, Iya ba ta da aiki sai zaman taga a hawa na bakwai. Turminta ma an hana ta taɓawa, wai masu zama a hawan ƙasanmu sun kai ƙara. Ni ke tsince mata wake, ita kuma ta yi ta ba ni labarin garinsu can arewacin Damagaram, inda rijiya ta ƙafe kowa ya kama gabansa. Kullum "kufanmu" take ce masa, da wata irin murya mai taushi. Ni da Hausata ba ta wuce ta cin abinci da aike ba, sai na ɗauka kufai shi ne gida, wato garin da aka haifi mutum.

Ran nan kuwa Iya ta warware. Ta durƙusa gaban dutsen niƙa ta shafa kwarminsa, ta ce wannan mata ba raguwa ba ce. Ta gane rumbu, ta gane murhu da baƙin hayaƙinsa, har ta nuna min sawun yatsu a jikin yaɓe. Kawu ya koma mota ɗauko ruwa, sai ga matar da ke zagayawa da baƙi, wadda ta ce ita jikar masu garin ce. Iya ta damƙe hannuna.

"Tambayar min ita, 'yar nan. In mutane suka watse, gari ya mutu ke nan?"

Na tambaya. Matar ta yi murmushi ta ce su ba sa kiran wurin matacce, kakanninsu na nan, suna zuwa gaishe su, har yanzu gida ne. Daɗi ya kama ni, yau ga ni tafinta. Na ɗaga murya na ce, "Iya, ta ce har yanzu kufai ne."

Iya ta daɗe tana dubana. Ta ce haka ne, ta mayar da takalminta, ta ce mu tafi rana ta yi. Tun daga ranar ban sake jin ta ambaci garinsu ba, ko na roƙa sai ta ce ta manta. Bayan shekara uku ta rasu, aka binne ta a New Jersey.

A zaman makokinta na ji wata tsohuwa ta ce yanzu ɗakin Iya ya zama kufai. Na tambaye ta ma'ana, ta ce ai inda aka tashi aka bari ne, ba kowa sai iska. Sai a lokacin na gane abin da na faɗa wa Iya, wallahi har yau ban yafe wa kaina ba.

Yanzu Hausa ta zauna a bakina, ina iya juya maganar matar nan tsaf ba tuntuɓe. Sai dai wadda ta yi tambayar ba ta jira ni ba.