Ƙeyar Saurayin Cikin Fim

Kakanmu mai gyaran injin silima ne a Tawa. Da gidan silimar ya rufe, shi ya kwashe tsofaffin finafinan da ba su da murya, ya yi ta neman irinsu har gwangwanayensu suka cika ƙarƙashin gado. Ya rasu ya bar su, babu injin haska su.

Matarsa, Kaka, ba ta damu da inji ba. Lokacin sanyi, bayan an ci tuwo, mukan zauna gefen murhu ni da wana Sani, ta warware fim ɗaya ta haska shi da cocila ta baya. Warin tsami yake yi, hotunan kuma ba su wuce farcen babban yatsa ba.

"Ku matso, 'yan nema," in ji ta. "Su bebaye ne, ni ce bakinsu."

Ta fi son na wani saurayi da ya tafi nema don ya rufa wa uwarsa asiri. Ya samu, amma haƙƙin uwa ya hana shi barci, sai ya juyo gida. Kaka tana jan fim ɗin kaɗan-kaɗan. Ga shi ɗan ɗigo a ƙarshen hanya, yana ta girma, har ya iso ƙofar da tsohuwa take tsaye.

"Kun gani? Ɗan halak ba ya mance nonon da ya sha. Haka ubanku zai taho."

Baba ya tafi Libiya tun ina goye, wayarsa ta daɗe ba ta shiga.

Wata rana ni na riƙe cocilar. Sai na lura a duk hotunan ƙeyar saurayin muke gani, ba fuskarsa ba. Ashe daga ƙarshe Kaka take farowa.

Na bari har Sani ya tashi, sannan na ce a hankali, "Kaka, ai tafiya yake yi."

Ta ci gaba da naɗe fim ɗin, ba ta dube ni ba.

"Na sani, ɗiyata. Ta wancan gefen na riga na gan shi da idona, a tasha, ranar da ubanku ya tafi."

Yanzu idon Kaka ya mutu, finafinan sun manne da juna, ba sa warwaruwa. A da na ɗauka darasin shi ne haƙƙin iyaye yana maido da mutum gida. Yau ina ganin shi ne yake fitar da shi. Sani ya fara tambayar hanyar Agadas da ake bi zuwa Libiya, yana cewa don mu zai tafi. Baba ma haka ya ce.